Kada Ku Kife wa Wiebe Kofi

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu kwance baƙin rubutu, Douwe Postma. Mai girma shugabar ɗakin karatu na garin nan, Uwargida Marijke, wadda ta ba mu aron wannan zaure, ta kuma ɗumama mana shi ba tare da mun roƙa ba. Baƙinmu da suka tuƙo kekunansu daga garin Dokkum cikin wannan ruwan sama. Dattawan ƙungiya da matasanta. 'Yan uwana maza da mata, ina yi muku barka da yamma.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, ina gode wa waɗanda suka dafa gahawa, ina kuma gode wa duk wanda ya aiko da furanni gidanmu a watannin baya. Furannin sun iso, har sun yi yawa, sai da na rabar wa maƙwabta.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, sunana Aukje, matar Wiebe Hoekstra. Al'adarmu a nan ita ce, duk shekara kafin hunturu ya shigo, mutum ɗaya zai gwada wasannin kwamfuta da aka kawo, irin waɗanda ake jefa ɗan wasa cikin mutanen da ke magana da wani harshe na ƙirƙira, a bar shi ya gano ma'anar da kansa. Mutumin zai zo ya faɗi abin da ya gani, a jefa ƙuri'a, sannan mu shafe Asabar ɗin hunturu duka muna fama da wanda aka zaɓa a kan babban allon can. Tun kafuwar ƙungiyar nan Wiebe ke yin wannan aiki. Bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da yawancin kalmomin bakinsa. Hankalinsa na nan garau. Ya san abin da yake so ya faɗa, kalmar ce ba ta zuwa. Shi ya sa kuka ga ni a nan a maimakonsa.

Ba zan ɓoye muku ba, na gaji. Na gaji da asibiti, na gaji da ɗaura takalmin wani kafin nawa, na gaji da tambayar "ya mai jiki" daga mutanen da ba sa tsayawa su ji amsa. Don haka ba zan yi muku kwana-kwana ba. Wasanni uku aka ba ni, zan faɗi gaskiyar kowanne. Amma ku sani tun yanzu, abin da za ku zaɓa yau shi zai nuna ko Wiebe zai sake zama a cikinku ko kuwa ya bar ƙungiyar da ya kafa.

Na farko shi ne Tsibirin Gishiri, wanda na san yawancinku kun riga kun ba shi zuciyarku. Teku ce take jefo ka wani tsibiri na masu haƙar gishiri, ba wanda ke jin harshenka, kai ma ba ka jin nasu. Suna rubutu a jikin kwale-kwale, a bakin ƙofa, a kan buhunan gishiri. Duk alamar da ka gani, wasan zai ba ka wani ɗan gurbi a ƙarƙashinta, ka rubuta kalmar da kake zato da hannunka. Ba zai ce maka ka yi daidai ba, ba zai ce ka yi kuskure ba. Sai ka yi nisa, wata tsohuwa ta yi maka dogon bayani, wasan ya jera maka shi da kalmomin da ka zaɓa, ka ga shirme tsagwaronsa, ka gane tun a bakin teku ka ɓata. In ana maganar gina harshe, wallahi ban ga kamarsa ba. Wanda ya tsara shi ya san aikinsa. Mutanen tsibirin suna da yadda suke magana da wanda ke kan tudu, da yadda suke magana da wanda ke cikin ruwa, kuma sai ka sha wuya kafin ka lura. Jelmer, wanda shi ya kawo wasan, ya tare ni a kasuwa gaban mai sayar da cuku ya ce, "Aukje, ki faɗa musu gaskiya, wannan shi ne wasa, sauran duk na yara ne." Na ce, "Jelmer, ka biya kuɗin cukunka tukuna, mutane na jira a bayanka." To ga shi na faɗa, Jelmer. Wasa ne mai kyau.

Amma ga abin da na gani a teburin kicin ɗinmu. Akwai wata alama da na rubuta mata "ruwa", na yi ta tafiya da ita haka. Wiebe na zaune kusa da ni yana kallo. Sai ya buga tebur da hannunsa na hagu. Ya nuna alamar, ya shimfiɗa tafin hannunsa, ya ja shi baya a hankali. Ya sake yi. Na ce, "Teku?" Ya girgiza kai. Na ce, "Iska?" Ya rufe ido. Janyewar teku yake nufi, lokacin da ruwa ke komawa ya bar laka. Ya gane ta tun kafin ni, kamar yadda ya saba. Na tura masa kwamfutar na ce to rubuta. Ya dubi gurbin nan, ya dubi haruffa, ya daɗe yana dubansu. Daga nan ya tashi ya koma falo. Wannan wasa ba ya yarda ka fahimta sai ka kawo masa kalma, kuma kalma ita ce abin da mijina ba shi da ita.

Na biyu, Gidan Masaƙa, ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Harshensa a jikin zane yake, ana saƙa shi da zare mai launi, abin gwanin kyau. Sai dai wasan ba shi da haƙuri. Da ka ɗan tsaya tunani, sai wata ƙararrawa ta kaɗa, hoto ya fito ya nuna maka amsa. Ya tuna mini da surukata, Allah ya ji ƙanta, wadda in kana yanka albasa sai ta karɓe wuƙar. Wiebe ya kalle shi kaɗan ya yi hamma, ni ma na yi.

Na uku shi ne Masu Fito, kuma zan fara da aibinsa don kada a ce na yi son kai. Gajere ne. Kiɗansa na sa ciwon kai. Fuskar mai jirgin kamar dankalin da ya kwana a ruwa. Harshensa bai kai na Tsibirin Gishiri zurfi ba, ko kusa. Jelmer ya ce ana iya cin wasu wuraren da sa'a kawai, kuma gaskiyarsa ce, na gwada.

A cikinsa kai ɗan aiki ne a jirgin fito, kana ƙetarar da mutane da dabbobi. Mai jirgin zai yi maka magana, alamomin su fito a saman kansa, kai kuma ba a tambayarka kalma ko ɗaya. Aiki ake so ka yi. In ka gane abin da ya ce, ka yi shi, jirgi ya tashi. In ba ka gane ba, ya harɗe hannu ya tsaya kallonka. Akwai wani wuri da na maƙale, mai jirgi na ta maimaita magana ɗaya, ga akuya, ga ganguna, ga wata mata da kwando. Na matsar da ganguna, na saukar da matar, na mayar da ita, jirgi ko motsi. Sai na ji hannun Wiebe a kan nawa. Ya karɓi abin sarrafawar da hagu, ya kama akuyar ya kai ta can bayan jirgi, ya kwance igiya. Jirgi ya tashi. Ya juyo ya yi mini kallon nan da yake yi mini in na ajiye mota a karkace. Na ce, "To, gwani, ka burge." Sai ya yi dariya. Tun da aka sallamo shi ban ji dariyarsa ba sai ranar. Muka yi ta ƙetare kogin, ban san ko sau nawa ba, miyar wake na kan wuta na manta da ita, ta kama.

Wannan shi ne bambancin da na gani, ya jama'a. Wasan farko yana tambaya, me ake kiran wannan? Na uku yana tambaya, ka gane? Mu da bakinmu ke lafiya ba mu taɓa lura cewa tambayoyin biyu ba ɗaya ba ne.

Yanzu zan zo ga abin da ba a aike ni in faɗa ba. Baƙinmu ba su san al'adar kofi ba. A nan, idan mutum na fama da wata alama, kai kuma ka riga ka gano ta, ba ka faɗa masa. Sai ka shanye gahawarka, ka kife kofin a kan faranti, ka yi shiru. Ma'anarsa, na sani, amma ba zan ƙwace maka daɗin ganowa ba. Al'ada ce mai kyau. Wiebe ne ya ƙirƙiro ta, ba sai wani ya tuna mini ba, ina wurin.

A watan jiya na kawo shi nan karo na farko bayan ciwon. Shi ya matsa, ya sa rigarsa mai kyau, ya sa na aske masa gemu. Na zaunar da shi, na koma ƙasa don in gyara ajiyar mota. Da na hawo, sai na tarar da zauren nan tsit. Wiebe na tsaye, ya dafa kujera, yana nuna shugabanmu da yatsa yana cewa, "Kai... kai... kai." Gaishe shi yake so ya yi. Sunan Douwe yake nema, Douwe da suka tashi layi ɗaya, Douwe da ya tsaya masa ranar aurenmu. Na dubi tebur, sai na ga kofuna a kife, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kowa na murmushi, kowa na gyaɗa masa kai. Na ji wata a cikinku, ba zan kama suna ba, tana cewa, "Ka kusa, Wiebe, kada ka karaya." Gumi na zuba a wuyan rigarsa.

Na san ba mugunta ba ce. Na san girmama shi kuka yi, irin girmamawar da kuka iya, wadda shi ya koya muku. Douwe, na ga fuskarka ranar, na san da ka sani da ba ka yi ba, kuma ba don in kunyata ka na tayar da maganar ba. Amma na ji haushinku, har yanzu ina ji, gara in faɗa a gabanku da in riƙa faɗa wa tukwane.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka wuce gada, muna jiran fitilar hanya ta ba mu hannu, na ji ya ce, "Douwe." Ya sake cewa, "Douwe. Douwe." Yana ta maimaitawa don kada ya kuɓuce masa, mai sunan kuwa yana nan yana wanke kofuna. Da muka isa ƙofar gida ya riƙe hannuna, ya yi ta kokawa, har ya fitar da kalma biyu. Ya ce, "Ban komawa."

Saboda haka ina roƙonku abu biyu, ba na roƙon na uku.

Ina roƙonku ku zaɓi Masu Fito a wannan hunturu. Na sani ba shi ne mafi kyau ba, ni da bakina na faɗa. Tsibirin Gishiri ba zai gudu ba, yana nan baɗi, yana nan baɗin baɗaɗa. Jelmer, in ba za ka iya jira ba, ka zo gidanmu ranar Laraba mu yi shi tare, zan dafa maka abinci. Amma a ba mutumin nan hunturu ɗaya da zai zauna a cikin abokansa ya riga su ganewa, ya yi musu kallon da yake yi mini.

Ina kuma roƙonku, ku bar kofi ga alamomin da ke kan allo. Idan Wiebe ya nemi kalma ya rasa, ku ba shi. Ku faɗa da ƙarfi, ku faɗa da wuri. In kun yi kuskure zai girgiza kai, ku sake kawo wata. Ba za ku ƙwace masa daɗin komai ba, domin babu daɗi a ciki. Ni da nake kwana nake tashi da shi na gani, babu.

Yanzu haka yana ƙasa, wajen teburin jaridu, kusa da ƙofa. Ya yarda ya biyo ni zuwa nan, amma ya ƙi hawowa, ya kuma ƙi cire rigar ruwansa. Idan kun gama ƙuri'a zan sauka in same shi, ko dai in taya shi cire rigar, ko in ɗauko mota. Ba zan yi wa kowa gori ba ko wanne ne ya faru, ba ni da ƙarfin gori. Amma in cire rigar ne, Douwe, ina so kai ka riga ni sauka, ka miƙa masa hannu, ka faɗa masa sunanka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu ƙarfi. Allah ya bar mu da bakinmu da hankalinmu, in kuma ɗaya ya tafi, ya bar mu da mutanen da za su tsaya mana. Allah ya raya wannan ƙungiya, ya mayar da baƙinmu Dokkum lafiya, ya tsayar musu da ruwan nan a hanya.

Na gode.