Rigar Lantarkin Babanku

BABBA: Salamu alaikum, Inna. Barka da yamma.

INNA: Wa alaikumus salam. Kana ina nake jin kamar ana yanka ƙarfe?

BABBA: Ina shago, janaretan wani nake gwadawa. Ina wuni? Ya ƙafar?

INNA: Ƙafa tana inda ka bar ta. Ya maiɗakin naka? Ya jikokina?

BABBA: Duk lafiya, suna gaishe ki. Ya Baba?

INNA: Kyaftin? Garau yake, in ji shi. Kashe injin nan ka haɗo mini ƙanwarka a layi. Ku biyun nake so ku saurara, ba zan maimaita ba.

BABBA: To, ga ta nan tana shigowa.

AUTA: Inna! Ina wuni? Yaya, ina wuni? Lafiya dai? Ina asibiti, baranda na fito da gudu.

INNA: Lafiya lau, 'yar albarka, mai kyautar da ba a tambaye ta ba. Ya marasa lafiya?

AUTA: Da sauƙi. Wace kyauta kuma?

INNA: Rigar lantarkin babanku.

AUTA: Rigar me? Layin yana yankewa.

INNA: Lantarki! Wadda kika aiko masa da safar hannunta, yake jona ta a soket ɗin jirgi kamar tukunyar dafa ruwa.

AUTA: Ai na ji daɗi, Inna. Shekaranjiya ya kira ni, ya ce tunda yake bai taɓa jin ɗumi irin nata ba.

INNA: Haka ya ce? Madalla da mai gaskiya. To ku ji. Shekara talatin da takwas ubanku yana tuƙa wannan kwalin ashanar mai fiffike, yana kai magani ƙauyukan bayan tsauni. Kujera huɗu, iska na shiga ta ko'ina. Bana salansa ta tsage, hayaƙi yana biyo hitar da ke ɗumama cikin jirgin, makaniki ya toshe hitar har a samo sabuwar salansa. Ya zama ba abin da ya raba shi da sanyin sama sai gwangwani.

BABBA: Shi ya sa Auta ta nemo rigar.

INNA: Wa ya aike ta? Mutumin nan da bakinsa ya yi mini alkawari, ranar da sanyi ya fi ƙarfin yatsunsa, ranar zai ajiye tuƙi. Shekara uku ina sallah ina roƙon Allah ya ƙaro sanyi. Addu'a ta fara ci, yana dawowa ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, sai ga ƙanwarka da lantarki a leda. Ya saka sau ɗaya, ya shigo yana fito kamar saurayi, wai yanzu sai ya ƙara shekara goma.

AUTA: Haba Inna, ni tausayinsa na ji.

INNA: Ni kuma ai maƙiyiyarsa ce. To na zare.

AUTA: Kin zare me?

INNA: Wayar. Ranar Litinin ya tafi aski, na farke shafin rigar da reza, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sirara kamar gashin masara, na naɗe su na zuba a gwangwanin maɓallai. Safar hannun ban taɓa ta ba, na lura a hannun rigar take shan wuta. In uwa ta mutu wa zai shayar da 'ya'ya? Igiyar jonawa na bar masa ita tana lilo, na mayar da ɗinki yadda ko mai kamfanin ba zai gane ba.

AUTA: Innalillahi! Inna, kin san abin da sanyi yake wa hannun mai shekara sittin da bakwai? Yatsu su mace, ba ya jin abin da ya riƙe, kuma a haka zai sauke jirgi tsakanin duwatsu!

INNA: Kar ki yi mini karatun asibiti, na gani da idona. Lissafina shi ne ya hau sau ɗaya, ya sha sanyi, ya dawo ya ce rigar banza ce, ya cika alkawari. Talata ya tafi. Ya dawo leɓe ya yi shuɗi, na miƙa masa kofin shayi, ya kama da tafin hannu biyu kamar jariri, rabi ya zube a wando. Na ce, Kyaftin, ya rigar? Ya ce, ai har gumi na yi.

AUTA: Gumi?

INNA: Gumi. Alhamis ya koma, ya dawo ni na kwance masa igiyar takalmi. Haƙoransa na kaɗawa yana ce mini sai da ya rage mata ƙarfi don kar ya ƙone. Gobe da sassafe kuma zai sake tashi, an ce sanyin goben ya fi na jiya. Shi ya sa na kira. Kai mai gyaran wuta, ka zo yanzu ka mayar da wayoyin nan kafin ya dawo daga filin jirgi.

BABBA: Inna, ba ta mayuwa.

INNA: Ni da ban shiga aji ba na cire, kai da aka kai makarantar wuta ba za ka iya mayarwa ba?

BABBA: In na haɗa ta da hannu, wuri ɗaya ya yi zafi fiye da kima, a jikinsa za ta kama, yana sama, ba inda zai tsaya ya tuɓe. Na gaya masa haka ma.

INNA: Ka gaya wa wa?

BABBA: Wato... Inna, layin nan...

INNA: Layi lafiyarsa ƙalau. Ka gaya wa wa?

BABBA: Baba. Ranar Laraba ya kawo mini ita shago. Na sa mitar gwajin wuta, shiru. Ya juya shafin, ya kai ɗinkin kusa da taga, ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya ya ce, wannan ƙullin ƙarshen, sau biyu a koma baya, shekara arba'in yana gani a wuyan rigunansa.

AUTA: Yaya! Ka sani ka yi shiru?

BABBA: Rantsar da ni ya yi. Ya ce in Inna ta san ya gane, kunya za ta ji. In kuma ya ce yana jin sanyi, alkawari ya kama shi. In ya ce rigar ba ta aiki, ke Auta za ki ji ba daɗi. Gara ya yi gumi.

INNA: Kunya? Ni? Tsohon nan yana kallon idona yana yabon ɗumin rigar da ya san hanjinta yana gwangwanina?

BABBA: Ke ma ai kina tambayarsa ya rigar.

INNA: Rufe mini baki, ba da kai nake ba.

AUTA: To Inna ki faɗa masa mana, ki ce ke kika yi, ki roƙe shi kar ya tafi.

INNA: In roƙe shi? In na buɗe baki ya ci galaba a kaina ke nan, har kabari yana ba da labari. Shi kuma ba zai ce sanyi ba ko da yatsun za su zube a ƙasa ya tsince su.

AUTA: Sabuwar riga ba za ta iso ba sai mako biyu.

INNA: Wa ya ce ki sake aiko mini da wata? Rezata tana nan.

BABBA: To Inna me kike so mu yi? Ba ki son riga, ba ki son sanyi.

INNA: Mijina nake so, da yatsunsa goma. Ga ƙarar motarsa nan a ƙofa. Kai ka rufe shago, ke ki nemi mai riƙe miki aiki, ku same mu kafin magariba. Ku zaunar da mu biyu kamar yara, ku faɗi abin da muka kasa faɗa. Ni dai jirgin nan ba zai tashi da shi gobe ba, yadda za a yi kuwa ku za ku yanke, amma kar wanda ya ce ni na kira... Sannu da zuwa, Kyaftin! Ya gumin?

AUTA: Inna? Inna! Yaya, ta kashe.

BABBA: Ɗauko jakarki, ga ni nan zuwa ƙofar asibitin.