Wata Biyar a Gareji

Shagon wanki a Glenwood, shekarar korona. Wani dattijo da wani magidanci suna kallon kaya na juyawa cikin inji, kujera uku a tsakaninsu.

"Malam, magidanci da wanki? Uwargida ta yi yaji ke nan."

"Tana nan, Alhaji. Ni aka fitar. Wata biyar ina kwana a garejin gidanmu."

"Me ka yi?"

"A sito nake aiki, cikin mutane. 'Yata Rumasa'u kuwa dashen zuciya aka yi mata. Mura ma tana iya kayar da ita."

"Allah ya ba ta lafiya. Kuna ganawa?"

"Ta taga. Takan ɗora waya a ƙirjinta in saurara. Kamar ana daka a wani gida can nesa."

"Ai yanzu ana gwajin cutar."

"Na yi, har hutu na ɗauka. Likita ya ce in shiga."

"Yaushe?"

"Yau kwana tara."

"To me kake jira?"

"Kullum a mafarki ina shiga. Ta taho da gudu, in ɗaga ta sama. Sai in ji tari yana taso mini."

"Sai me?"

"Sai in farka, in gode wa Allah a gareji nake."