Kwamfutar da Ke Tambayar Dalili

A bencin shagon gyaran kwamfuta, wata malamar makaranta tana jiran a sauya wa tata batir. Dattijon da ke gefenta ya rungume tasa a ƙirji, sai ta kasa yin shiru.

"Baba, me ya sami taku?"

"Lafiyarta ƙalau, 'yata. Uwar 'ya'yana ce ta ce in kawo a mayar da ita irin ta mutane."

"Da ta aljanu ce?"

"Manhajar da ake kira 'saba' na sa mata, ta manyan injinan ofis ɗin nan da ba a kashewa. Shekara ashirin da shida ina kula da su. Da na dawo gida, ita kaɗai hannuna ya sani."

"Ai ba don gida aka yi ta ba."

"Na gyara ta fa! Ba ta zuwa da sauti, na kunna mata. Na sa hoton jikoki a fuskarta. Abu ɗaya na bari: in za a kashe ta, sai ta tambayi dalili."

"Mutum ya gama aikinsa, kuma sai ya yi wa inji bayani?"

"Haka uwar 'ya'yan nawa ma ta ce. Jiya 'Na gaji' ta rubuta mata."

Malamar ta tuntsire da dariya. Da ta ga shi ko murmushi bai yi ba, ta sassauta murya.

"To Baba, ai kun iya cirewa da kanku."

Ya shafa murfin kwamfutar a hankali.

"Aikin minti biyu ne. Hannuna ne ya ƙi. Ni ranar da suka sallame ni daga aiki, ba wanda aka ce ya rubuta dalili."