Sun Isa Kuwa?

A ɗakin jira na asibitin ido, wani dattijo ya ƙura wa bangon littafin matar da ke gefensa ido.

"'Yata, wannan ba shi ne na mutanen da suka shiga kumbo neman wata duniyar ba?"

"Shi ne, Baba. Kun karanta?"

"Na kai rabi, sai yanar ido ta tsayar da ni. Don Allah, sun isa kuwa?"

"Karatuna na biyu ke nan, sharhi nake rubutawa a kansa. Amma ni ba na faɗa wa kowa ƙarshen labari."

"Ko makaho?"

"Haba Baba! Ba aiki za a yi muku ba?"

"Yau ma kuwa. Likita ya ce ko a dace ko a'a. 'Ya'yana na tsoron kada in daina ganin hanya. Ni kuwa kunya ta hana ni gaya musu matuƙiyar kumbon nan ce ke hana ni barci."

Matar ta duba layi. Saura mutum tara kafin shi.

"A ina kuka tsaya?"

"Inda ruwansu ya fara ƙarewa."

Ta buɗe wajen, ta matso da kujerarta, ta gyara murya.