Jan Fenti a Bangon Gidana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ya iyali?

Ni tela ne a Babbar Kasuwa. Shekara bakwai ina tara bulo kaɗan-kaɗan a gonar da mahaifinmu ya bar mani a hanyar Batagarawa. Na ɗauka takardar mai unguwa ta isa, don da ita na ga kowa yana gini. Gini ya kai linta, sai na tarar da jan fenti a bango. Na je wurin masu tsara gari, ma'aikacin ya ce, "Malam, an dakatar da sababbin gidaje a yankin nan, babu ruwa, babu magudana. Sai haƙuri."

Na fahimce su. Amma gidan haya nake, kuma mai gidan ya ce in tashi bayan Sallah, ɗansa zai yi aure. Jiya autata ta ce, "Baba, yaushe za mu koma gidanmu?"

Wallahi na gaji. Jama'a, ku ba ni shawara: in ci gaba da jira, ko in shuka gero a tsakar ɗakunan? Shi dai ba ya neman izini.

Naku, Lawal Tela, Katsina.