Adireshin da Sharifa Ta Ƙi Ɓoyewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Sarkin Zango da 'yan majalisarsa, limamanmu, Magajiya da iyayenmu mata, matasan Nima da Maamobi, har da waɗanda suka hawo motar haya ta trotro daga unguwar Madina ta nan Accra, ina gaishe ku, ina gode muku da kuka taru tarbar 'yarmu Sharifa Fuseini.

Ni ne Zulkifli, mai buga takardu a Kawukudi. Shekara ashirin ina buga wa 'ya'yanku takardar neman aiki, shekara ashirin ina share sunan unguwarmu Nima in sa Kanda, unguwar manya, don kada a ga adireshi a ture takarda gefe.

Abu biyu zan faɗa muku. Na farko, Sharifa ta tafi Turkiyya koyon aikin ungozoma da harsunan Hausa, Twi, Ga da Turanci a bakinta, ba ta ɗauke su komai ba. Wata rana a asibitin can aka kawo wata 'yar Nijar tana naƙuda, likitoci na tambaya, baiwar Allah na kuka, babu mai jin wani. Sharifa ta kama hannunta ta ce, "Sannu yaya, ina ke miki ciwo?" Aka gano matsalar, uwa ta rayu, jariri ya rayu. Jama'a, Hausar nan da muke ciniki da ita a kasuwa! Ikon Allah!

Na biyu, da ta dawo, wani asibiti a Accra yana neman ungozoma ɗaya tak. Ta zo wurina, hannuna ya nufi Kanda kamar kullum. Ta ce, "Kawu, bar shi." Na ce, "'Yata, za ki rasa aikin nan, wahalar shekara biyar ta tashi a banza!" Ta ce, "A can aka nuna mini darajar abin da Nima ta koya mini. Sa Nima, ka sa Hausa sama da Turkanci."

Na buga. Mako biyu ina kauce wa mahaifinta a masallaci. Ran Litinin aka ɗauke ta aikin. Shugabar asibitin ta ce rabin masu zuwa haihuwa matan Zango ne, ta daɗe tana neman 'yar Nima, amma duk takardar da ta iso, daga Kanda take.

Jama'a, da hannuna na buga takardun nan. Ku yafe mini.

Allah ya yi wa Sharifa albarka, ya buɗe wa na bayanta hanyar ilimi, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.