Ramina Ya Mutu, Ɗakina Ya Tsira

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Garba, marini a Ƙofar Mata. Makon jiya ka bayyana mana zancen Turawa kan alherin da ke ɓoye cikin wahala. Ba na jin Turanci, amma wannan na gan shi da idona.

Bara ramin rinina ya mutu, shuni ya ƙi kamawa, maƙwabta har da dariya. Na kwashe katsi, wato taɓon shunin da ya kwanta a gindinsa, na ƙona, magini ya haɗa laso da shi, abin shafe mai hana ruwa shiga, ya shafe mini rufi. Da damina ɗakunan unguwa suka yi ta yoyo, nawa ko ɗigo.

Ka gaishe mini da Malam Sule, wanda ya fi kowa dariya. A ɗakina hatsinsa ya fake har kaka!